Yadda Ake Cin Abincin Gargajiya na Girka a Unguwannin 'Yan Yawon Buɗe Ido

Ƙasar Girka mutanenta ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba, amma a shekarar 2023 baƙin da suka shige ta sun haura miliyan 30. Kowane baƙo kuwa da cikinsa ya zo. Shi ya sa a birnin Atina, wanda za ka ga an rubuta Athens a tikitin jirginka, unguwannin da ke gindin dutsen Akropolis mai tsoffin gine-ginen tarihi, irin su Plaka da Monastiraki da Psiri, gidajen abinci ne jere reras, wani na gogar wani. A cikinsu akwai na kirki, akwai kuma wanda ya san ba zai sake ganin fuskarka ba har abada, don haka bai damu da abin da zai zuba maka a faranti ba. Haka abin yake a tsibiran Santorini da Mikonos da Rodos, da bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Haniya a tsibirin Kirit.

Kusan duk abin da zai sa ka tashi da murna ko da takaici ana yanke shi ne tun abinci bai iso teburi ba: inda ka zauna, abin da ka tambaya, da abin da ka yi shiru a kai.

Mataki na farko: san irin gidan da za ka shiga

Allon da ke saman ƙofa yana gaya maka abin da ke cikin tukunya. Taverna ita ce gidan abinci na gama-gari, inda iyali ke zama a ci a yi hira. Psistariya gidan gashi ne, nama a kan gawayi. Psarotaverna ta kifi ce da sauran kayan teku. Uzeri da mezedopoliyo kuwa wuraren ƙananan farantai ne da ake ci ana shan barasa, ko da yake ba wanda zai tilasta maka sha. Sai suvlajidiko, shagon tsire da naɗin burodi na mai sauri.

Akwai wani nau'in da baƙi ba su cika lura da shi ba, wato mayiriyo. Nan ake dafa abincin gida tun da safe a manyan tukwane da tire-tire, a jera su a bayan gilashi, a yi ta sayarwa har su ƙare. In abincin da Bagirke ke ci a gidan uwarsa kake nema, nan ne wurinsa, kuma da rana ake zuwa. Ana samun irinsu a kewayen babbar kasuwar Varvakiyos da ke titin Athinas, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga dandalin Monastiraki.

Mataki na biyu: daidaita cikinka da agogonsu

Girkawa ba sa cin abincin rana kafin ƙarfe 2, wasu har 3 ko 4. Na dare kuma sai ƙarfe 9 ake fara taruwa, a lokacin zafi har 10 da 11 za ka ga iyali da ƙananan yara suna shigowa. Duk gidan da ka gani cike da ƙarfe 6 na yamma, baƙi ne zalla a ciki. Wannan ba laifi ba ne, amma cikar ba shaida ba ce a kan daɗin girkin. In kana son shaida ta gaskiya, zaga wurin wajen ƙarfe 10 ka kasa kunne, ka ji ko yaren Girkanci na tashi daga teburan.

A watan Agusta, musamman kusa da ranar 15 ga wata da suke babban bikin addini, mutanen Atina da yawa kan bar gari su tafi ƙauyuka da tsibirai, ƙananan gidajen abinci na unguwa su rufe na kwanaki. A lokacin na 'yan yawon buɗe ido ne suka fi zama a buɗe, sai ka ƙara sa ido wajen zaɓe.

Mataki na uku: zaɓi wurin zama da idonka, ba da bakin mai kira ba

A titin Adriyanu na Plaka da makamantansa za ka tarar da mutum a bakin ƙofa riƙe da takardar jerin abinci, yana tare hanya da murmushi da gaisuwa cikin harsuna biyar, kamar dai ɗan kamasho a tasha. Ka amsa gaisuwarsa cikin mutunci ka wuce. Gidan da girkinsa ke kiran mutane ba ya biyan wani ya tsaya a rana yana kira.

Akwai alamun da ke sa in ja da baya: takardar abinci mai hotuna masu sheƙi, mai shafi goma, wadda ta haɗa musaka da fiza da boga da taliyar Italiya a wuri ɗaya; da gidan da ya fi tallar kallon Akropolis ko faɗuwar rana a kan tallar abincinsa. Kallo ma kaya ne, kuma a cikin kuɗin salak ɗinka za a saka shi. In kallon kake so, ka hau saman bene ka sha shayi ko lemo ka more, sa'an nan ka sauko ka ci abinci a lungu. Sau da yawa ratse biyu ko uku kacal daga babban titi sun isa farashi ya sauka, hannun mai girki ya gyaru. Mai ƙarfin ƙafa kuma ya taka zuwa Kukaki ko Petralona ko Pangrati, unguwannin da 'yan gari ke zaune.

Alamun alheri su ne gajeren jerin abinci, wani lokaci ma a rubuce da hannu ko da alli a allo; mai hidima ya ce maka abu kaza ya ƙare; teburi da aka shimfiɗa wa farar takarda aka maƙale ta da ƙarfe a gefe. Kyanwa tana zagaya ƙafafun kujeru kuwa ba alamar komai ba ce, ko'ina akwai su.

Doka ta wajabta wa gidan abinci ya nuna farashinsa a rubuce. Kada ka zauna sai ka gani. In aka ce maka babu takardar, ko aka ce "zauna kawai, za mu shirya maka wani abu na musamman", to ka yi gaba.

Mataki na huɗu: maganar alade da giya, tun kafin a kunna wuta

Wannan matakin shi ya fi shafar Musulmi, kuma a nan baƙi suka fi faɗawa rami cikin rashin sani. Naman alade shi ne naman yau da kullum a shagunan tsire na Girka. In ka ce a ba ka suvlaki, wato tsirensu, ko giros, wanda su suke furtawa "yiros", ba ka ƙara bayani ba, mafi yawan lokaci na alade za a miƙo maka. Giros yana kama da shawarma ƙwarai a ido, nama ne a tsaye yana juyawa a gaban wuta, kada kamannin ya ruɗe ka. Lukaniko, wato tsiran-alade, sunansa ya faɗa maka komai. Apaki na tsibirin Kirit ma alade ne da aka banɗa da hayaƙi.

Inda abin ya fi ɓuya shi ne niƙaƙƙen nama. Keftedes da biftekiya da suzukakiya, duk curin nama ne, kuma gidaje da yawa kan gauraya na sa da na alade don ya yi taushi. Musaka da pastitsiyo ma niƙaƙƙen nama ne a tsakiyarsu. Tambaya ce kawai maganin wannan.

Riƙe waɗannan kalmomi, ko ka rubuta su a wayarka:

Hirino shi ne alade. "Horis hirino" na nufin ban da alade. Kotopulo kaza ce, arni ko arnaki ɗan rago, katsiki akuya, moshari naman sa ko maraƙi, psari kifi. Krasi giyar inabi ce, don haka duk abincin da sunansa ya ƙare da "krasato" da ita aka dafa shi. Stifado, naman da ake dafawa da ƙananan albasa, galibi akwai giya a romonsa. Jatan lande da ake kira garides saganaki kuma sau da yawa ana yayyafa masa uzo, barasarsu mai ƙamshin anis. Yawancin masu hidima a waɗannan unguwanni suna jin Turanci, sun kuma saba da tambayar, ba za su ɗauke ta da zafi ba.

Ko ka zaɓi kaza, ka sani a shagon tsire waya ɗaya ake gasa ta da alade, wuƙa ɗaya kuma ke yankan su. Sa'an nan ga batun yanka, domin naman taverna ba yankan Musulmi ba ne. Wannan hukunci ne da ya kamata mutum ya warware da malaminsa tun yana gida, ba a gaban mai hidima da yunwa a ciki ba. Wanda yake son naman halal tabbatacce zai same shi a shagunan 'yan Pakistan da Bangaladash da Larabawa a kewayen dandalin Omoniya, sai dai girkin nasu ne, ba na Girkawa ba.

Ga wata kalma mai amfani ƙwarai: nistisimo. Kiristocin Girka mabiya ɗariƙar Otodoks suna da azumin ƙaurace wa nama da madara da ƙwai, mafi tsawo shi ne na kafin Ista, sai na makonni biyun farkon Agusta, da kuma ranakun Laraba da Juma'a ga masu kiyayewa. Saboda haka girkinsu cike yake da abinci marar nama wanda ba na dole ba ne, na gado ne, an ƙware a kansa. Ka ce nistisimo kake so, kowane mai girki ya gane. Sai dai kalmar ba ta kore giya ba, wannan sai ka tambaya daban.

Mataki na biyar: yadda ake yin oda

Kuskuren baƙo shi ne kowa ya zaɓi farantinsa shi kaɗai. Girkawa tsakiyar teburi suke cikawa, kowa ya miƙa cokalinsa. Mutum biyu, salak ɗaya da ƙananan farantai biyu ko uku da babban abinci ɗaya sun ishe su har su bar saura. Kada ka yi odar komai a tashi ɗaya. Fara da kaɗan, in ciki bai cika ba ka ƙara. Abincin ba ya zuwa bi da bi, wanda ya nuna shi ake fara kawowa.

A gidan gargajiya ba abin kunya ba ne ka nemi ganin abin da aka dafa yau. Wasu ma da kansu za su ja ka zuwa gaban tukwane. Ka nuna da yatsa.

Fara da horiyatiki, salak ɗin ƙauye: tumatir, kokwamba, albasa, koren tattasai, 'ya'yan zaitun, da babban yankan cukun feta a sama, an barbaɗa busasshen ganyen rigani an tsiyaya man zaitun. Ba a sa masa latas. In ka ga latas ya cika kwanon, an rage tumatir ne aka cike gurbi. Feta kuwa tun 2002 sunan yake da kariyar Tarayyar Turai: da madarar tumaki ake yin sa, ko a haɗa da ta awaki wadda ba ta wuce kashi 30 cikin 100 ba. Ruwan tumatir da man da suka taru a gindin kwano kada ka bari a ɗauke. Dangwala burodi a ciki, haka 'yan gari ke yi.

Daga nan sai tzatziki, kindirmo mai kauri da aka tace, da kokwamba da tafarnuwa. Fava, wani ɗan wake rawaya da ake dafawa har ya narke, a sa albasa da mai a kai. Na Santorini ya yi suna. Gigantes, manyan fararen wake a miyar tumatir da aka gasa a tanda. Dolmadakiya, shinkafa naɗe a ganyen inabi. Spanakopita, alayyahu da cuku a cikin siraran ɓawon fulawa mai ƙaras-ƙaras. Saganaki, soyayyen cuku, a matsa masa lemun tsami a ci da zafinsa, don in ya huce ya zama roba. Horta, dafaffen ganyen daji da mai da lemun tsami, mai ɗan ɗaci. Ni a ganina ba abin da ya fi shi tona asirin gidan abinci, domin wanda ya kula da ganye zai kula da sauran.

Akwai rukunin da suke kira ladera, kayan lambu da ake dafawa a hankali cikin man zaitun da tumatir. A ciki akwai koren wake, akwai briyam na dankali da yalo da kabushi, akwai gemista, tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa, wanda wasu ke sa wa nama, sai a tambaya. Akwai kuma bamiyes, kuɓewa ce ƙanana da ake dafawa ɗungum ba a yanka ba, ba ta yauƙi. Irin wannan abinci ba a kawo shi da tururi, da ɗumi-ɗumi ake cin sa. Kada ka mayar ka ce ya huce.

Musaka, wadda kowane baƙo ke nema, jeri ce ta yalo da dankali da niƙaƙƙen nama, an rufe da farar miyar madara da fulawa. Wannan rufin ba tsohon abu ba ne. Wani mai girki, Nikolaos Tselementes, wanda ya karkata ga salon Faransa, shi ya yaɗa shi a shekarun 1920. Mai kyau a babban tire ake gasa ta a yanko maka murabba'i. A gidajen da ba su damu ba, daga firiza ake ciro ta a ɗumama.

Ga wanda ya warware batun nama, ɗan rago shi ne gwanintarsu: paidakiya, haƙarƙarin rago a gawayi, wanda ake sayarwa da kilo, kleftiko, wanda ake naɗewa a takarda a gasa sa'o'i har ya rabu da ƙashi, da yuvetsi, nama da ƙananan taliya masu siffar shinkafa a kaskon ƙasa. Wanda ya saba da yaji ya shirya: girkin Girka ba barkono, gishiri ne da lemun tsami da rigani. Ɗan ƙullin yajinka a aljihu ba zai ɓata wa kowa rai ba.

Mataki na shida: kifi, inda aljihu ke ƙonewa

Babban kifi sabo da kilo ake sayar da shi, ba da faranti ba. Lambar da ka gani a gefen tsipura ko lavraki ko barbuni kuɗin kilo ɗaya ne. Ga yadda ake yi: ka tashi ka bi mai hidima zuwa inda kifin yake a kan ƙanƙara, ka zaɓa, a ɗora a sikeli a gabanka, a faɗa maka jimillar kuɗin kafin ya hau wuta. In kilo Yuro 60 ne, misali, kifi mai giram 800 ya zama Yuro 48. Ka kuma duba da kyau ko farashin na kilo ne ko na giram 100, domin a wasu gidajen bakin teku a tsibirai masu tsada da wannan dabara aka sha yi wa baƙi yankan ƙauna. Sabon kifi idonsa garau yake, jikinsa da tauri, ba ya ƙarni mai hawa kai.

Doka ta ce a nuna abin da aka daskarar a firiza. Za ka ga ɗan tauraro a gefen sunan abincin, da bayaninsa a ƙasan shafi. Kalamari, wata dabbar teku marar ƙashi, da jatan lande da oktopus, dabbar nan mai hannu takwas, sau da yawa suna ɗauke da shi. Ba aibu ba ne, in dai ba a karɓi kuɗin sabo ba.

Mai son rangwame ya nemi ƙananan kifaye: sardeles a gawayi, gavros ko marides soyayyu. Da faranti ake sayar da su, sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma su masunta ke ci.

Mataki na bakwai: burodi, ruwa, da hannunka

Kwandon burodin da za a ajiye maka ba ka nema ba yawanci da kuɗinsa, ɗan kaɗan ne a kan kowane mutum. In ba ka so, ka faɗa nan take a ɗauke. Haka ruwan gora. Ruwan famfon Atina ana shan sa lafiya, kana iya neman a kawo shi a tulu. A tsibirai irin su Santorini da Mikonos, inda ruwa ke ƙaranci har ake tace na teku, na gora mutane ke sha.

"Ne" a bakinsu na nufin i, "ohi" kuma a'a. Bagirke in ya ɗaga haɓa sama ya ɗage gira, a'a yake nufi. Kuma kada ka buɗe tafin hannu da yatsu biyar ka nuna wa mutum, ko don kiran mai hidima ko don cewa guda biyar kake so. Daƙuwa ce a wurinsu kamar yadda take a wurinmu, suna kiranta muntza. Ɗaga yatsa ɗaya ka ce "parakalo" ya wadatar.

Mataki na takwas: kyautar ƙarshe da biyan kuɗi

Ba wanda zai kawo maka lissafi sai ka nema. Teburin naka ne har ka gaji da zama, kuma in mai hidima bai leƙo ka ba, ba wulaƙanci ba ne, barin ka ya yi ka sake. In ka shirya, ka ce "to logariyasmo, parakalo".

Sau da yawa kafin lissafin sai a kawo wani abu kyauta: yankan kankana, ko halva ta semolina, ko kindirmo da zuma. A Kirit musamman, ƙaramar kwalba mai ruwa garai-garai kan biyo baya. Ba ruwa ba ne, raki ce, barasa mai ƙarfi. Ka dafa ƙirji ka ce "efharisto", wato na gode, ka bar ta a wurin. Kankanar kuwa ka cinye.

Karanta takardar lissafin layi-layi ka gwada da farashin da ka gani tun farko. Ka tabbata rasit ne na inji, ba lamba da biro a kan takardar teburi ba. A shagunan Girka akwai sanarwa a manne da ke cewa mai saye ba dole ne ya biya ba in ba a ba shi rasit na doka ba. Ana karɓar katin banki kusan ko'ina, amma riƙe 'yan Yuro a hannu saboda tukuici. Tukuicin ba farilla ba ne. Ana cike kuɗin zuwa lamba mai kai, ko a bar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kan teburi in hidimar ta gamsar.

In lissafin ya zo da abin da ba ka ci ba, ko farashin ya canza, ka nuna cikin sanyin murya, galibi nan take ake gyarawa. In aka ƙi, ɗauki hoton takardar abincin da rasit ɗin, ka kira 'yan sandan kula da baƙi a lamba 1571. Lambar gaggawa ta gaba ɗaya kuma 112 ce.

Kayan zaƙi na sosai da gahawa ba a taverna aka fi samun su ba. Taka zuwa shagon zaharoplastiyo ka nemi galaktobureko ko baklava, ko ka bi ƙamshin lukumades, ƙananan curin ƙullu da ake soyawa a tsoma a zuma a barbaɗa kirfa. Gahawar Girka a ɗan ƙaramin kofi take zuwa, kuma tun wajen oda ake faɗin yawan sukari, don tare ake dafa su: sketos babu sukari, metriyos tsaka-tsaki, glikos mai zaƙi. Kada ka juya ta da cokali, kada kuma ka shanye har ƙasa, garin gahawar na kwance a gindin kofin. In zafin gari ya yi yawa, ka nemi frape, gahawa mai sanyi da kumfa wadda aka fara haɗawa a bajekolin birnin Tasalonika a 1957.